Minti Shida na Kawu

A masana'antar da muke yin tafin takalmi, aikina shi ne in faɗi minti nawa roba za ta yi a wuta kafin ta nuna. Nakan yanko 'yar ƙwallo, in sa a bakin na'urar gwaji, ta matse ta da zafi tana murzawa. Layi ya hau allo. Inda ya daina hawa, nan roba ta nuna.

Na'urata ta ce minti tara. Kawuna, mai shekara talatin a kan injin gasa roba, ya ce shida. Shi ma'auninsa farce ne: ya danna, ya shinshina, shi ke nan.

Manaja ya ce gobe ko Kawu ya bi takardata mai minti tara, ko ya ajiye safar hannunsa ya bar aiki. Ni kuwa Kawu ne ya kai ni makaranta a bayan kekensa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Kawu, ƙara minti uku kawai," na roƙe shi.

"'Yar nan, in ƙona wa mutane takalmi don allonki ya ji daɗi?"

Taurin kai gadon gidanmu ne. Na ɗauko ma'aunin zafi na ɗakin gwaji, na zura tsakanin farantan injinsa. Agogon injin na nuna digiri ɗari da hamsin, nawa ya wuce da shida. Ashe tsohon injin ƙarya yake wa kowa, ban da Kawu.

Na ja Kawu har ɗakin gwajin, yana ta goge ƙafa kamar zai shiga gidan surukai. Na ɗaga zafin na'ura ya yi daidai da na injinsa, na sa sabuwar roba. Manaja ya tsaya a ƙofa. Layi ya hau, ya hau, sai ya kwanta. Minti shida da 'yan daƙiƙu.

Dariya ta ƙwace mini, har da hawaye. Manaja ya sosa ƙeya, ya ce a kira mai gyaran agogon injin.

Kawu ya karɓi takardar sabon sakamakon, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo. Sannan ya shafa murfin na'urar.

"Tana da ƙoƙari," ya ce. "In ta samu shekara talatin, za ta iya aikin."

Ya ninke takardar, ya sa a aljihun gaba, ya koma bakin injinsa.