Baba Ba Ya Jira a Waya

Baba bai taɓa yi wa kowa sallama a waya ba. Da ya gama faɗin abin da ya kira ka dominsa, sai dai ka ji ƙit, ya bar ka da sauran magana a baki. Shekarun da ya yi a ɗakin injinan buga littattafai sun cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa da ihu yake magana, kamar mai kiran wani daga ƙetaren titi. Tun da Auta ta tafi ƙasar waje karatun digiri na uku, duk Lahadi sai ya kira ta da 'yar tsohuwar wayarsa da ya ɗaure da roba, wadda ya rantse ba zai canza ba. Tambayoyinsa ma ba sa canzawa: ta ci abinci, sanyi ya yi sauƙi, yaushe za ta gama. Kafin ta amsa ta ƙarshe ya riga ya katse.

Wata Lahadi a tsakiyar sanyi, tana ɗakin gwaje-gwaje tana jera ƙwayoyin iri a faranti, wayar ta shigo. Ihun nan ne, tambayoyin nan ne. Ta amsa, ta tsaya jiran ƙit. Ƙit bai zo ba. Numfashi kawai take ji, na mutumin da ke jira a sallame shi. Ƙarshe ita ta katse, ta zauna a kan kujera.

Mutum ɗaya ne a duniya yake da muryar Baba, shi ne ƙaninsa, Baffa, tsohon malamin firamare. Ko Mama takan rikice idan ta ji su daga bayan ƙofa. Amma Baffa irin mutanen nan ne da in suka raka baƙo ba sa juyawa sai ya sha kwana. Zai iya aron ihun wansa, ba zai iya katse wa mutum waya ba.

Auta kuwa ta san gidansu. Gida ne da ba a faɗa wa mai jarrabawa mugun labari. Lokacin da kakarsu ta rasu, an ɓoye wa Yaya har sai da ya ajiye biro, kuma ita kanta tana cikin masu ce masa tsohuwa barci take yi. Saboda haka ta gane Baffa ne ya kira ta, Baba kuma ba ya raye, ganewar da ba ta bar mata kokwanto ba. Sai dai ba ta tambayi kowa ba. Ta kira Mama, Mama ta ce kowa lafiya da wata murya busasshiya, ita ma ta ce madalla. Muddin ba wanda ya furta, Lahadi za ta ci gaba da kawo mata muryar, ita kuma ba ta da ƙarfin rabuwa da ita. In kukan ya taso mata a wajen aiki, sai ta shiga ɗakin sanyi inda ake ajiye iri, ta rufe ƙofa, ƙarar injin ta rufa mata asiri.

Da lokacin kare kundin digirinta ya matso, aka ce mata likita ya hana Baba doguwar tafiya, Baffa zai zo a madadinsa.

A filin jirgi, tun daga nesa ta hango Baffa. Kwat ce ruwan ƙasa a jikinsa, wadda Baba ya saya musamman don wannan tafiyar, ya yi ta cika baki da ita a waya. Ta yi wa Baffa yawa, hannayenta sun rufe masa yatsu.

"Auta! Kin rame. Ba sa ba ku abinci ne a nan?"

"Karatu ne, Baffa. Yaya hanya?"

"Hanya lafiya. Kowa yana gaishe ki." Ya sunkuya yana gyara igiyar jakar da ba abin da ya same ta.

Gidanta ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, bangon kuma siriri. Ta bar masa ɗakin ta koma falo. Da safe sai ta farka ta ji Baba yana mita a kicin, yana cewa wace irin buta ce wannan da ke kashe kanta ba a sa ta ba. Takan kwanta lamo, ido a rufe, ta bar shi ya yi ta yi. Ta san in ta tashi ta leƙa, Baffa za ta gani.

Ranar kare kundi ya zauna a kujerar baya, ya ɗora hula a gwiwa, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa ko da bai ji ko kalma ɗaya ba. Malamai suka yi tambayoyinsu, suka fita, suka dawo suna murmushi. Ta ci. A farfajiya, mutane na watsewa, ya matso kusa da ita.

"Auta, yanzu da kin gama, akwai maganar da..."

"Haba Baffa! Ka zo ƙasar mutane ka koma ba ka ga teku ba? Me za ka ce wa jikokinka? Gobe da safe za mu kama hanya."

Haka ta ja tsohon nan gari zuwa gari. Shi kuwa duk jirgin ƙasan da suka shiga sai ya gaishe da mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, su zuba masa ido. Matakala mai tafiya da kanta ya ce ba da shi ba, ƙafafunsa ba su gaza ba tukuna. Ta kai shi gidan tarihi, ta kai shi wata doguwar gada, ta kai shi kasuwar tsofaffin littattafai inda ya yi ta shinshina takardu yana cewa wansa zai gane injin da ya buga kowanne. Nan ya ajiye littafin da ke hannunsa. Duk sanda ya gyara murya ya ce "Auta," sai ta nuna masa wani abu: dubi tsuntsun can, dubi wancan ginin. Ta san zalunci take yi masa. Tana ganin yadda yake tura abinci gefe, amma ba ta daina ba.

A hanyarsu ta zuwa bakin teku jirgin ya shiga wani dogon rami a cikin dutse. Taga ta yi baƙi, ta zama madubi. A ciki ta ga Baba zaune cikin kwat ɗinsa, ya karkatar da kai yadda yake yi don ya ba mutum kunnensa mai ji, yana kallonta. Ba ta juya ba, ba ta ƙifta ido ba, har haske ya dawo ya shafe shi. Da ta waiwaya, Baffa ne ke gyangyaɗi, aljihun kwat ɗin ya buɗe. A ciki ta hango 'yar wayar nan mai ɗaurin roba.

Tekun ma bai burge shi ba. Ya tsaya iska na kaɗa masa kwat, ya ce ruwa ne dai, sai yawa. Da la'asar suka koma tashar garin, ƙarama, ba kowa sai su da wata mata mai kare. Washegari jirginsa zai tashi. Suka zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe.

"Auta, na roƙe ki don Allah, kada ki sake nuna mini tsuntsu. Na gaji. Ban iya ɗaukar abin nan in koma da shi ba."

"To Baffa. Ka ba ni minti kaɗan."

Ta tashi ta bi dandamalin har ƙarshensa, inda simintin ya ƙare. Ta fito da wayarta ta danna lambar Baba, ba ta ma san ko layin zai shiga ba. Ya shiga. Daga nesa ta ga Baffa ya zabura ya dafe aljihu, ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta wayar na kuka. Sannan ya juya mata baya, ya kara a kunne.

"Auta!" Ihun ya zo mata sau biyu, ta waya da kuma ta iska.

"Baba, na gama."

"To madalla! Madalla! Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Sanyi fa?"

"Ya yi sauƙi, Baba."

Babu tambaya ta uku, tunda ta riga ta amsa ta. Numfashin nan ya dawo, yana sarƙewa.

"Baffa," ta ce a hankali, "Baba ba ya jira. Shi yake katsewa."

Ta ga kafaɗunsa suna girgiza cikin kwat ɗin da ba tasa ba. Ya sauke wayar daga kunne, ya riƙe ta da hannu biyu, ya sake mayar da ita kunne, ya sake saukewa. Ita kuma ta matse tata a kunne, ta ƙi taimakonsa.

Ƙit.

Ta tsaya tana sauraren layin da babu kowa a kansa, har allon wayar ya mutu. Sannan ta dawo a hankali ta zauna kusa da shi. Ya miƙo mata wayar mai roba, da ɗuminta, ta karɓa ta rufe a tafin hannu.

"To, Baffa," ta ce. "Faɗa mini. Ya sha wahala?"