Takwarar Hulda

Da matar Menashe mai kifi ta haifi mace, duk unguwarsu a Tabariya aka yi ta yi masa barka, shi kuwa fuskarsa kamar wanda aka ce gobe za a cire masa haƙori. A danginsu 'yar fari sunan kakarta take ci, kakar na raye tana ji. Mahaifiyarsa kuwa Hulda take. A cikin Littafi sunan annabiya ce, amma a Ibraniyancin da ake yi a kasuwa, hulda gafiya ce, wadda ke ɓarna a bayan shagonsa.

"Ka sa wa 'yata gafiya, ka ga yadda za mu kwashe," in ji matarsa Tirtsa, tana kan gadon asibiti. "Wata tara ina fama, sai in rungumi abin da ake kai wa tarko?"

"To ke ki faɗa wa Ima," in ji shi, don haka yake kiran mahaifiyarsa.

"Ni ta haifa?"

Saura kwana biyu Asabar, ranar da zai tsaya a majami'a a sanar da sunan. Ya rufe shago ya nufi gidan malaminsu, wani dattijo mai suna Kalev, ko zai samo masa mafita.

Malam ya saurare shi yana ɓare lemo. "Ka san sarki guda ya tura manyan fadawansa wurin annabiya Hulda neman fatawa? Suna ne mai daraja."

"Malam, yaran makaranta ba su san sarkin ba. Gafiya suka sani."

"Ni za ka gaya wa? A Ibraniyanci sunana da kare wasali ne kawai ya raba su. Shekara shida ana yi mini haushi a aji, ga shi ban mutu ba. Je ka gaya wa mahaifiyarka gaskiya. Ni dai kar ka ce ka zo nan, tsoronta nake ji."

Menashe ya iske tsohuwar a kicin tana zuba barkono a miyar kifi. Ya zauna, ya tashi, ya yaba miyar da bai ɗanɗana ba. Can dai ya daure.

"Ima, maganar suna ce. Al'ada ta ce a sa mata naki."

Ta ajiye ludayi. "Maimaita."

"Muna so mu sa mata Hulda," ya faɗa, don abin da ya shirya faɗa ya gudu.

Sai ga hawaye a idonta. Ta kama kansa ta sumbace shi a goshi, hannunta duk barkono, har idonsa ya fara ruwa shi ma.

"Kwana uku ina jira ka tambaya, ɗan banza. To na ji, na gode, kuma ban yarda ba. Shekara saba'in ina ɗauke da wannan suna. Ubanka ma da ya zo neman aurena sai da ƙannensa suka tambaye shi ko a rami ya samo ni. Jikata ba za ta sha wannan ba."

Menashe ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka. "To wane za a sa?"

"Ya'el. Na riga na gaya wa maƙwabta."

"Ima, Ya'el ai akuyar dutse ce!"

"Akuya dai da rana take yawo, kanta a sama. Ɗauki kwanon nan ka kai wa matarka."

Tirtsa ta cinye kifin tas kafin ya gama ba ta labari. Ta dubi jaririyar, wadda ke ta harbin zani da ƙafa, ta ce ita ba ta da ja, dama yarinyar tun a ciki take tunkuyi.

Ranar Asabar aka kira sunan. Tsohuwa Hulda, daga ɓangaren mata, ta yi ta jifan maza da alewa kamar yadda ake yi a irin wannan murna, ɗaya ta sami Malam Kalev a kunne.