Tambayar da Inuwa Ya Kai Gaya

A ƙofar zauren Malam Abdulsalam da ke Gaya, Inuwa ya tsaya yana kallon takalman baƙi. Ɗaya ya sani, silifas ɗaure da waya. Na Bubayero ne, maƙwabcinsa a Toranke, wanda ko jiya a majalisa ya ce tazarar haihuwa raina arzikin Allah ce. To me ya kawo shi?

Shi dai Inuwa ya san tasa. A haihuwar matarsa Hansai ta bakwai, jini ya ƙi tsayawa. Malamar asibiti ta ce wani cikin kusa-kusa zai iya tafiya da ita, amma ba za ta sa mata ashanar tazara a damtse ba sai da yardar miji. Shi kuma yana tsoron zunubi. Limamin garinsu kawun Hansai ne, ba a kai wa suruki maganar shimfiɗa. Sai ya bari aka gama girbi, ya zo inda ba a san shi ba.

Bubayero ya fito.

"A'a, Inuwa! Lafiya?"

"Rubutun ciwon kai na zo karɓa. Kai fa?"

"Ni ma kan ne."

"Ashe yawo yake a Toranke. Allah ya sawwaƙe."

*

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya aiko ni."

Malam ya murmusa. "Abokin nan kullum aike yake, bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba. Faɗi."

Inuwa ya faɗa, idonsa a tabarma.

"In don lafiyarta ne, kuma su biyun sun yarda, babu laifi. Yaushe ta haihu?"

"Tun bazara."

"Sai yanzu? Ya taɓa tambayarta abin da take so?"

Inuwa ya yi godiya, ya tashi ya fita.

*

Ya sayo tsire a tasha. A kan babur yana ta neman kalmar da zai fara da ita.

Ya tarar da Hansai a gindin rumbu, goyo a baya, gwangwanin toka a gefenta. Ta tofa yawu a ciki. Ya san gwangwanin nan. Sau bakwai yana ganinsa.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce, ta toshe hanci da gefen zane. "Don Allah yi nesa da naman nan."

Yara suka kewaye shi. Ya miƙa musu ƙunshin, mai ya riga ya jiƙa takardar.