Tsohuwar Karayar Malam Babba

Ranar da san huɗa ya tunkuyi Malam Babba a gonarsa ta ƙauyen Boko, cewa ya yi ba komai. Amma da tari ya gagare shi, matarsa Ummusalma ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta ce, "Malam, hau. Kankia za mu."

A asibiti, Dikko mai ɗaukar hoton ƙirji ya jingina shi da na'ura, ya ce ya riƙe numfashi. Da aka gama, Malam Babba ya gyara rigarsa.

"To, ina likitan?"

"Tana Kaduna, Baba. Na tura mata ta kwamfuta. Karanta hoto ne aikinta."

"Kaduna? Ba ta taɓa ni ba, ba ta ji tarina ba, ko gaisawa ba mu yi ba!"

Suka zauna gindin bishiyar bedi, Ummusalma na cin awara, shi yana mita. Kafin azahar amsa ta iso.

"Ta ce haƙarƙari biyu sun tsage a hagu," in ji Dikko. "A bar huɗa, a sha magani, a huta. Ta kuma ga tsohuwar karaya tsakanin wuyanka da kafaɗar dama, ta warke tuntuni."

Malam Babba ya fashe da dariya, ya dafe ƙirji don zafi. "Kin ji ko? Ni da ban taɓa karyewa ba tun da uwata ta haife ni! Hoton wani ta duba."

Ya koma gida da niyyar gobe zai ɗaura wa shanu garma. Da la'asar sai ga yayarsa Zinariya daga Mawashi ta zo dubiya. Ya kwashe labarin ya ba ta, har da kwaikwayon muryar Dikko, yana jiran ta taya shi.

"Kafaɗar dama ta ce?" Zinariya ta ajiye kwanon fura. "Kai, Babba! Ba a daɗe da yaye ka ba ka bi kaza saman rumbu, ka faɗo tim. A bayana aka goya ka zuwa wurin Sodangi mai ɗori. Ihunka har bakin rijiya ana ji."

Ya shafa wurin a hankali. Akwai ɗan tudu kuwa, wanda a zatonsa kowa ma haka nasa yake.

"Ashe matar nan ta san aikinta," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Sai a kwanta ke nan," in ji Ummusalma, ta riga ta shimfiɗa tabarma.

Ya kwanta. Ƙanensa ya ƙarasa masa huɗar. Ya sha mita, ya ce layukan sun karkace, amma bai tashi ba sai da ƙirjin ya saki. Duk wanda ya zo gaishe shi kuwa, sai ya kama hannunsa ya ɗora a kafaɗar, ya ce, "Taɓa nan ka ji."