Alkamar Uwargida Rayna

Farantin ne ya riga ta saukowa. Na ji ƙararsa yana dukan matakala, sannan dafaffiyar alkama ta watsu har bakin ƙofarmu. Da na leƙa sai na ga Uwargida Rayna zaune a kwanar bene, ƙafa ɗaya a murɗe, tana gyara hularta.

"Daina kallona, yarinya. Kwashe alkamar."

"Ƙafarki fa?"

"Ƙafar ta shekara ɗari da uku tare da ni. Alkamar ta yau ce."

Gancho, tsohon direban bas da ke zaune a ƙasa, ya buɗe ƙofa da burodi a hannu. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"To, gwamnati ta sake faɗuwa," ya ce, ya rufe ƙofarsa.

Ni kaɗai na ɗauke ta zuwa hawa na huɗu. Ba ta fi buhun albasa nauyi ba.

A da, hotonta yana rataye a kowane aji a ƙasar nan, gefen na mijinta, Shugaba Metodi. Da mulkinsa ya rushe aka kwashe su daga fada aka jefo su wannan bene namu mai warin kabeji, ɗaki biyu da murhu. Shi bai daɗe ba. Ita ta binne shi, ta binne 'ya'yanta biyu, ta binne alƙalan da suka yi masa shari'a, ta ci gaba da sauka sayen madara sanye da safar hannu.

Duk ranar zagayowar mutuwarsa sai ta dafa alkama da zuma da kirfa, ta bi ƙofa-ƙofa, kamar yadda kowa ke yi wa mamacinsa. Ka ci cokali ɗaya, ka ce Allah ya gafarta masa. Iyakar abin ke nan. Amma a benenmu ba wanda ya taɓa miƙa hannu. Kakana Iliya yana cikin waɗanda mijin nata ya tura fasa dutse. Lokacin kakata Todora tana da cikin mahaifina. Ko gawa ba a kawo mata ba.

Likita ya ce ƙashin ƙugu ne, kuma a shekarunta ba a taɓa shi da wuƙa. Asibiti suka riƙe ta 'yan kwanaki suka maido ta. Ba ta da kowa, sai na fara hawa da miya.

"Miyata kike kai wa matar nan?" Kaka ta tare ni a ƙofa.

"Kasona ne, Kaka. Na fasa ci."

"An kashe kuɗi kin karanta shari'a, kin ƙare a 'yar aikin fada. Ko lambar yabo za su ba ki?"

"In sun bayar ke zan rataya wa, tsohuwa. Matsa min."

"Mara kunya. Haka kakanki yake, shi ya sa suka ɗauke shi."

Ta matsa. Ban hau don tausayi ba. Na san abin da mijinta ya yi fiye da duk mutanen benen, don ni a jami'a na karanta shi, ba a bakin murhu na ji ba. Amma ba zan kwana a ƙarƙashin mutum yana ruɓewa a fitsarinsa ba. Wannan aikin mijinta da mutanensa ne, ba namu ba.

Ɗakinta sanyi ƙalau. Hoton mijin a bango, kyandir a ƙarƙashinsa. Ba ta taɓa yin kuka ba, ko lokacin da nake juya ta. Sai dai ta ciji bakin matashi, in na gama ta ce, "Hannunki da kaushi, Nevena. Wa zai aure ki haka?"

"Ba nema nake ba, Uwargida."

"Madalla. Ni na nema na samu, ga ni."

Wata ranar Laraba da hantsi ta ƙi miyar. Numfashinta ya koma kamar ana jan kujera a kan siminti. Ta kama hannuna.

"Akwai alkama a tulun can. Dafa kaɗan."

Na dafa, na zuba zuma, na kawo. Ta tura kwanon gabana.

"Ci."

Na ci, don ina jin yunwa. Ta zuba min ido tana jira.

"Faɗi mana."

"A'a."

"Kalma huɗu ce, yarinya. Limamin coci yana faɗa, amma shi aikinsa ne. Ina son in ji ta a bakin mutum kafin in tafi. Me zan je in ce wa mijina? Duk shekarun nan ko mutum ɗaya ban samo masa ba?"

"Ki ce masa jikar Iliya ta ci alkamarsa, ta wanke matarsa, amma ta ƙi."

"Ba ki san shi ba. Da kansa yake ɗaure min takalmi."

"Kakana ma yana da hannuwa. Ba a bar shi ya ɗaure wa kowa komai ba."

Ta saki hannuna. Na zaci za ta kore ni. Sai ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Da a zamanina ne, da kin gane kurenki."

"Na sani. Shi ya sa."

"Gyara min matashin nan."

Na gyara. Ba ta sake roƙona ba, ni ma ban sauya ba. Washegari da safe na hau da ruwan zafi na tarar ta tafi, fuskarta wajen bango, bakinta a buɗe.

Na kira ofishin gari. Suka ce mota za ta zo da yamma. Wadda ta ɗauki wayar ta sa na maimaita sunan, sannan ta ce, "Au, ashe tana raye?"

A wurinmu budurwa ba ta wankan gawa, aikin tsofaffin mata ne. Na bi ƙofa-ƙofa. Wata ta ce bayanta na ciwo, wata ta ce ta ɗora tukunya. Gancho ya cire hula ya ce, "Ni na ɗauka sai ta binne mu duka." Sannan ya rufe ƙofarsa.

Na koma sama na naɗe hannun riga. In al'ada ta hana, ta zo ta yi da kanta. Ina zuba ruwa a kwano sai na ji sandar Kaka a matakala, tana hawa tana hutawa tana zagin wanda ya gina benen. Tun da aka kawo matar nan gidan, ƙafarta ba ta taɓa taka hawa na huɗu ba.

Ta tsaya a ƙofa tana haki. Ta dubi hoton da ke bango, ta daɗe.

"Kin faɗa mata kalmomin da take nema?"

"Ban faɗa ba."

"To." Ta jingine sandar. "Ajiye soson nan, ba aikinki ba ne. Rufe madubin can, ki buɗe taga."

Na rufe madubin da tawul, na buɗe taga. Hayaniyar motoci ta shigo da iska mai sanyi. Kaka ta taɓa ruwan da gwiwar hannu ta ce ya yi zafi, in ƙara na sanyi. Ta wanke ta a hankali, tun daga fuska har yatsun ƙafa. Da ta gama ta duba ko'ina ba ta ga ƙyallen da za a ɗaure haɓa ba. Sai ta kwance ɗankwalinta baƙi, ta zagaya shi ƙarƙashin haɓar Uwargida Rayna, ta ƙulla a tsakiyar ka.

Ta zauna a bakin gadon, hannuwanta jiƙe a kan cinya, iskar taga tana ɗaga furfurarta.