Yashin Baba

Hannun hagu kaɗai ya rage wa Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa kuma ya karkace har magana ta daina fita. Da wannan hannun yake buga ƙarfen kekensa na guragu kowace safiya, sai an turo shi gaban akwatin gilashin da ya cinye rabin bangon falo. A ciki akwai ruwan gishiri, da murjani masu rai, irin na ƙarƙashin teku, suna kaɗawa a hankali, da kifaye shuɗɗa da rawaya. A can ƙasa farin yashi ne mai kaurin taƙi guda, wanda ya yi shekaru ba a taɓa gindinsa ba.

Dogo, babban ɗansa, shi ya ajiye aikinsa ya dawo gida jinya. Shi ke ɗaga Baba, shi ke yi masa wanka, kuma shi ya gaji tiyo da bokitin wanke akwatin. Aikin ba baƙo ba ne a wurinsa. Yana ƙarami Baba ya koya masa da ranƙwashi: sama-sama ake zuƙe dattin, gefe ɗaya yau, wani gefen wani makon. Ba a tona ƙasan, domin can ne ruɓaɓɓen abinci da kashin kifi ke taruwa su zama guba. Baba bai taɓa riƙe ajin da Dogo yake a makaranta ba, amma ya san kifin da bai ci abinci ba jiya.

Ran nan Dogo ya dawo daga asibiti da hantsi, rigar jiya ce a jikinsa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da keken.

"Baba, cikin matata ya zube. Namiji ne. An nuna mini shi."

Idon Baba ya tsaya a fuskarsa kaɗan, sannan ya zame ya koma kan gilashin. Hannun hagu ya tashi, ya nuna kusurwar dama, inda wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito a kan yashin.

"Ka ji abin da na ce?"

Yatsan bai sauka ba. Har ma ya ƙwanƙwasa gilashin.

Dogo ya daɗe yana kallon tabon. Sai ya miƙe, ya gyara wa keken tsayuwa dab da akwatin, ya danne birkinsa. Ya hau kan kujera, ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Yashi ya yi datti, ko? Bari a wanke maka shi tas."

Bai ɗauki tiyo ba. Hannunsa ya cusa, ya ratsa farin saman, ya nutsa cikin sanyin ƙasan har farcensa ya kankari gilashi. Ya damƙo, ya juyo da shi sama. Baƙi ne ƙirin. Ƙananan kumfa suka taso, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika falon.

Wata ƙara ta fito daga maƙogwaron Baba, irin ta ƙofar da ta yi tsatsa. Ya shiga dukan ƙarfen keken.

"Can ma? To, na gani. Ba zan bar ko'ina ba."

Bai yi gaggawa ba. Ya bi bangon gaba daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya koma bayan duwatsu, yana tonawa yana watsawa. Ruwan ya zama toka-toka. Murjanin suka tsuke suka koma kamar busasshen nama. Babban shuɗin kifin, wanda ya fi daɗewa a gidan, ya taso sama yana buɗe baki, ya daki gilashi, ya karkata gefe guda. Baba ya rufe ido.

"Buɗe ka duba mana, Baba. Kada in gama ka ce ban yi da kyau ba."

Da la'asar Auta, ƙanwar Dogo, ta shigo da ledar magunguna. Tun daga ƙofa ta toshe hanci. Ruwan ya fara lafawa, kifayen na jere a samansa, fararen cikkunansu a waje.

"Innalillahi! Yaya, me ya faru?"

"Shi ya matsa sai an wanke yashin yau. Ko zama bai bar ni na yi ba."

Auta ta durƙusa gaban keken, ta kama hannun mahaifinta.

"Baba, wai kai ka sa shi?"

Baba ya dubi Dogo, wanda ke tsaye a bayanta yana goge hannu da tawul. Anjima Auta za ta koma gidanta. Wanda zai ciccibe shi zuwa banɗaki, ya juya shi a gado, ya ba shi ruwa, shi ne wannan na tsaye. A hankali Baba ya gyaɗa kai.

"Haba, Baba!" Auta ta saki hannunsa. "Mutum na fama da abin da ya same shi, kai kana ta kifi? Ai ga irinta nan. Wallahi Yaya yana haƙuri da kai."

Ta tashi ta shiga kicin, tana tambaya daga can ko akwai tsohuwar rariya da za a kwashe kifayen da ita.