Tanderun da Radmila ta nema

Radmila ce ta fara tayar da maganar hayaƙin, kuma ba kowa ta tayar wa ba sai yayanta Slavko, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya gaji masana'antar narka ƙarfe ta bakin kogi, inda ake zuba murfin kwata da murhun ɗumama ɗaki, da wani tanderun kwal da ya girme su duka biyun. In kaka ta yi, mata suka baza tattasai a tsakar gida, toka kan riga su barbaɗa masa gishiri.

Radmila malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ga lokaci ga baki. Ta tara matan unguwa suka tsaya a ƙofar masana'anta da kwalaye, har 'yan talabijin suka zo.

Ranar Lahadi Slavko ya zo cin abincin rana kamar kullum.

"Radmila, kin san kuɗin tanderu mai lantarki kuwa?"

"Yaya, ni tarin jikata na sani."

"In na sayar da masana'antar, na haɗa da gidana, har da ke kanki, ban kai rabi ba."

"Ni kam ba za ka samu mai saye ba. Ƙara wake."

Ba a jima ba jami'ai suka zo daga Belgrade suka ba shi wa'adi. Suka ce akwai tallafi, za a biya masa rabi, amma sai ya saya ya kafa tukuna. Banki kuma ya ce ba rance sai ya ga ciniki ya ninka. Ciniki kuwa ba ya ninkawa sai wuta ta ninka. Haka tsohon tanderu ya koma ci dare da rana, garin ya ga hayaƙin da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba.

A kasuwa mai sayar da cuku ta ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Da can da rana kawai muke shaƙa, yanzu kin samo mana har na dare."

Radmila ta karɓi cukunta ta wuce.

Da sabon tanderu ya iso daga Italiya, aka yi biki. Magajin gari ya zo, limamin coci ya yayyafa ruwan albarka, aka gasa raguna, giyarsu ta rakiya ta zagaya. Radmila aka miƙa wa almakashi ta yanke ƙyalle, tana share ƙwalla. Slavko ya danna maɓalli, nan take wutar rabin gari ta ɗauke, har da lasifikar magajin gari, yana tsakiyar cewa an shiga sabon zamani. Ashe taransifomar garin ba ta iya ɗaukarsa. Aka sake komawa banki, aka sake hura kwal har wani sanyin ya wuce.

Daga ƙarshe dai abin ya tashi. Wata safiya Radmila ta buɗe taga ta hango dutsen bayan gari tarwai, har da cocin da ke kansa. Ta daɗe a tsaye. Jikar ma tarinta ya lafa.

Sai dai sabon tanderu ba ya bukatar masu shebur. Cikin waɗanda aka sallama har da Nenad ɗan Radmila, uban jikar tata.

"Kawu, har da ni?"

"Ɗana, maɓalli ɗaya ne, kuma injiniya ya riga ka."

Nenad ya kwashe iyalinsa ya tafi Italiya. Ya samu aiki a kamfanin da ke ƙera irin waɗannan tanderu, kuma ya ce kasuwa na tafiya sosai.

Tsohon tanderun kuwa, da banki ya matsa, Slavko ya sayar da shi ga wani Dragutin na ƙetaren kogi, gundumar da jami'ai ba su kai ba tukuna. Duk ranar da iska ta taso daga gabas, sai dutsen ya sake ɓacewa.

Wata Lahadi Slavko ya shigo yana huci.

"Wannan Dragutin ba shi da imani! Zai kashe mutane da hayaƙi, ga shi yana karyar da farashi, murfinsa ya fi nawa araha. Ke ba za ki tara matan nan ba ne?"

Radmila tana durƙushe tana cusa kwalaben yajin tattasai a jaka. Matar Nenad ta kusa haihuwa, an aiko wa Radmila da tikitin bas zuwa Italiya.

"Ka tara su da kanka, Yaya. Yi magana da mai cuku, tana sona sosai."

Shi ya ɗaukar mata jakar har tasha, yana mitar nauyinta.